Tabon Fata: Abin da za ku yi tun ranar da kuka ji rauni

Da za a ce kowane ɗalibi a aji ya nuna tabon da ke jikinsa, da wuya a samu wanda zai ce ba shi da ko ɗaya. Wani nasa a gwiwa yake, tsarabar filin ƙwallo. Wata a ƙwauri, inda salansar babur ta lashe ta ranar da aka goyo ta zuwa makaranta. Wani kuma ƙurajen fuska ne suka tafi suka bar masa baƙaƙen ɗige-ɗige. Da yawa ma suna da ɗan tabon allurar rigakafin BCG a dantsensu na hagu, wanda aka yi musu tun suna jarirai don kariya daga tarin fuka.

Yawancin waɗannan tabban ba sa damun kowa. Amma akwai wanda ke hana ɗaliba ɗaga kai a cikin ƙawayenta, akwai wanda ke sa a liƙa wa yaro laƙabin da zai bi shi har ya gama makaranta, akwai kuma tabon ƙuna da ke ɗaure yatsu har mutum ya kasa riƙe biro da kyau. Wannan damuwa ce ke sa matasa da yawa zuba kuɗin kashewarsu a kan mayukan da ake tallata cewa suna “goge tabo cikin kwana bakwai”. Gaskiyar da likitocin fata ke nanatawa ita ce, yadda tabo zai kasance ya fi dogara ga abin da aka yi wa raunin a mintunan farko da makonnin farko. Man da za a saya bayan shekara ba ya iya gyara abin da aka ɓata a ranar farko.

Yadda tabo ke samuwa

Fata hawa-hawa ce. Akwai ta sama, siririya, wadda kullum take sabunta kanta. A ƙarƙashinta akwai ta ciki, mai kauri, inda jijiyoyin jini da saiwar gashi da mafitar gumi suke. Idan kurjewa ta tsaya a fatar sama, takan warke ba tare da barin tabo ba. Idan rauni ya ratsa zuwa ta ciki, dole jiki ya yi faci.

Da farko jini yakan daskare ya toshe wurin. Sai kwanaki kaɗan na kumburi da zafi, lokacin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke share datti da ƙwayoyin cuta. Daga nan jiki ya fara saƙa wani zare mai suna kolajin don cike gurbin, aikin da ke ɗaukar kimanin mako uku. A lafiyayyar fata zaren kolajin a sarƙe yake kamar saƙar tabarma, amma a wurin faci jiki yakan jera shi a miƙe cikin gaggawa. Shi ya sa tabo ke sheƙi, gashi ba ya tsirowa a kansa, kuma ba ya gumi. Ko ya gama warkewa, ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na asalin fata.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, bayan rauni ya rufe, jiki yana ci gaba da gyaran facin har shekara guda, wani lokaci har biyu. Tabon da ya yi kauri da duhu a wata na biyu yana iya kwanciya ya dusashe a wata na goma sha biyu ba tare da an shafa masa komai ba. Akwai kuma ƙa’ida ɗaya da ta kamata ku riƙe: duk raunin da ya daɗe bai rufe ba, musamman wanda ya haura mako biyu zuwa uku, ya fi barin mummunan tabo. Don haka duk abin da ke jinkirta warkewa, kamar datti, mugunya, sosawa da ɓamɓare ɓawo, tabo yake ƙara wa girma.

Ƙuna: minti 20 a ƙarƙashin ruwa

Ruwan zafin wanka a lokacin hunturu, man suya, gawayin girki, dutsen guga da salansar babur su ne suka fi ƙona matasa. Da zarar abin ya faru, sai ka ji jama’a suna ta kawo shawara: a shafa makilin, a fasa ɗanyen ƙwai, a zuba manja, a barbaɗa gishiri, wani ma ya ce baƙin mai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke fitar da zafin da ya shiga fata. Suna rufe wurin ne, su shigar da ƙwayoyin cuta, sannan su wahalar da ma’aikacin asibiti wajen wankewa.

Abin da ya kamata shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke zuba har minti 20. Idan babu famfo, a riƙa ɗiba daga randa ko bokiti ana kwarara wa da buta. Fata na ci gaba da cin wuta daga ciki ko bayan an janye daga abin da ya ƙona ta, ruwan kuma shi ke tsayar da wannan ɓarna kafin ta yi zurfi. Ko an yi jinkiri, yin hakan cikin awa uku na farko yana da amfani. Kada a sa ƙanƙara, domin tana ƙara lalata fatar da ta riga ta jikkata. A cire zobe, awarwaro ko agogo tun kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne a jikin ƙunar. Bayan haka a rufe da tsaftataccen kyalle marar gashi ko ledar naɗe abinci sabuwa. Idan bororo ya taso, kada a fasa shi, murfi ne da jiki ya yi wa kansa.

A garzaya asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone girma, ko tana fuska, hannu, tafin ƙafa, al’aura ko kan gaɓa, ko kuma wutar lantarki ko wani sinadari ne ya jawo ta. Haka nan idan wurin ya yi fari ko ya yi baƙi kuma ba ya zafi, wannan alama ce ta zurfi. Ƙunar da ke kan gaɓa tana da haɗari na daban: tabonta yakan tsuke yayin warkewa, ya ja yatsa ko gwiwar hannu ya lanƙwashe. Shi ya sa ake ɗaure irin wannan wuri a miƙe, ana kuma sa mutum motsa gaɓar kullum ko da yana jin zafi.

Yanka da kurjewa

Idan jini na zuba, a danne wurin da tsaftataccen kyalle na kimanin minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsafta sosai har duk yashi da ƙasa su fita, a wanke kewayen da sabulu. Wannan wankin yana da zafi, amma kada a yi masa ha’inci, domin ƙurar da ta maƙale a cikin kurjewar kwalta takan zauna a fata ta zama baƙin zane na dindindin.

Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu, ruwan batir ko man birki. Ƙasa da kashin dabbobi su ne matattarar ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wato tetanus, wadda ke kisa. Duk wanda ƙusa ta soke shi ko ya ji rauni mai datti, ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafinta. Sifirit kuwa, amfaninsa goge lafiyayyar fata ne kafin a yi allura. Idan ana ta ɗura shi a cikin rauni kullum, yana kashe sababbin ƙwayoyin fatar da ke ƙoƙarin rufe wurin.

Raunin da ya buɗe baki, ko ake hango farin kitse a cikinsa, ɗinki yake bukata, kuma a cikin sa’o’in farko. Gefen rauni biyu da aka haɗa da kyau suna barin siririn layi, wanda aka bari a buɗe kuwa yana barin faffaɗan tabo. A kuma koma cire zaren a ranar da aka faɗa. Na fuska yawanci kusan kwana 5 ne, na sauran jiki daga mako ɗaya zuwa biyu. Zaren da ya wuce lokacinsa yana barin nasa tabon a gefe da gefe.

Shin a bar rauni ya sha iska?

Da yawanmu mun taso muna jin cewa rauni sai ya bushe ya yi ɓawo zai warke. A shekarar 1962 wani masanin kimiyya a Ingila mai suna George Winter ya gwada wannan a fatar aladu. Ya bar wasu raunuka a buɗe, ya rufe wasu yadda danshinsu ba zai tafi ba, sai ya ga waɗanda aka rufe sun fi saurin yin sabuwar fata. Dalili shi ne sababbin ƙwayoyin fata rarrafe suke yi daga gefen rauni zuwa tsakiya. A wuri mai danshi hanyarsu a buɗe take, a ƙarƙashin busasshen ɓawo kuwa sai sun yi haƙa.

Saboda haka, bayan an wanke ƙaramin rauni, a shafa ɗan farin basilin marar turare daga kwalba mai tsafta, a rufe da filasta ko bandeji, a sauya kullum ko duk lokacin da ya jiƙe. Kada a ɗora auduga kai tsaye, gashinta yana mannewa. Idan ɓawo ya riga ya fito, a bar shi ya faɗi da kansa. Duk ɓamɓarar da kuka yi, kun mayar da aikin jiki baya ne da kwanaki.

Abinci ma yana da nasa rabo. Jiki ba ya iya saƙa kolajin sai da abinci mai gina jiki da bitamin C. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara da nono suna ba da na farko. Gwaiba, lemo, tumatir da garin ’ya’yan kuka suna ba da na biyu. Taba sigari da shisha kuwa suna tsuke jijiyoyin jini, su rage iskar da ke isa ga rauni. Masu cutar sikila da masu ciwon suga su kula ƙwarai da duk wani rauni a ƙafa, domin nasu yana saurin zama gyambo.

Ƙurajen fuska da baƙin tabo

A shekarun balaga fata na ƙara fitar da maiƙo, ƙofofinta su toshe, ƙuraje su fito. Wannan ba alamar ƙazanta ba ce, kuma yawan dirza fuska da soso ƙara tsananta shi yake yi. Babban abin da ke jawo tabo a nan shi ne matsa ƙurji da farce. Idan aka matsa, wani ɓangare na mugunyar waje yake fitowa, saura kuma ya fashe zuwa ciki, kumburin ya ƙaru. Sakamakon shi ne ko dai rami a fata, ko baƙin tabo. Haka abin yake ga ƙarambau da ƙazuwa da cizon sauro: sosawa ce ke barin shaida. Yanke farce da neman maganin ƙaiƙayi sun fi sauƙi a kan neman maganin tabo.

Ya kamata a bambance abu biyu. Baƙin ɗigon da ke shafe, wanda idan ka shafa hannu ba ka jin tudu ko rami, launi ne kawai. Fatarmu tana da yawan sinadarin melanin, kuma duk inda aka yi kumburi sai ta ƙara zuba shi. Irin wannan yakan dusashe da kansa cikin wata 6 zuwa 12, mai zurfi kuma ya fi haka daɗewa. Rana ce ke ƙara masa duhu, don haka hula, inuwa, da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama suna taimakawa, har ga mai baƙar fata. Ramin da ƙurji ya bari kuwa tabo ne na gaske, babu man da zai cike shi, sai aikin likitan fata.

Hanya mafi kyau ita ce a magance ƙurajen tun da wuri. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi. Akwai magungunan shafawa da aka tabbatar da amfaninsu, kamar benzoyl peroxide da adapalene, amma a nemi shawarar likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani kafin a fara. Sukan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga canji, saboda haka sai da haƙuri. Ruwan lemon tsami da makilin da wasu ke shafawa ƙona fuska suke yi, su bar sabon baƙin tabo a kan tsohon.

Tabo mai tsiro

Wani tabon yakan yi tudu amma ya tsaya a iyakar raunin, kuma sannu a hankali ya kwanta. Wani kuwa ba ya tsayawa. Sai ya yi ta girma ya wuce inda raunin yake, ya yi tauri da sheƙi, yana ƙaiƙayi ko zafi. Wannan shi ake kira keloyid. Wani likitan Faransa mai suna Alibert ne ya raɗa masa sunan a farkon ƙarni na 19, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙafar ƙaguwa, saboda yadda yake miƙa rassa. Ya fi samun masu baƙar fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin dangi. Wuraren da ya fi so su ne fatar kunne, ƙirji, kafaɗa, saman baya da muƙamuƙi. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba jifa ba ne.

’Yan mata, a nan sai ku yi hattara da ƙarin hujin kunne na biyu da na uku da ake yayi. Idan ke ko wata a gidanku ta taɓa samun irin wannan tsiro, ki haƙura da ƙarin huji. Samari kuma, ƙurajen da ke fitowa a ƙeya bayan aski suna iya haɗuwa su zama tabo mai tauri da ke cinye gashi. Idan sun fara, a daina aski ƙwal da gyaran layi da reza a wurin, a guji kwalar riga mai gogar ƙeya, a je asibiti tun suna ƙanana. Haka nan duk wata tsaga ko shasshawa da ake yi da sunan magani tana iya tayar da shi ga mai irin wannan jiki, ban da haɗarin ɗaukar cuta daga askar da aka yi wa wani aiki da ita.

Kada a ɗaure keloyid da zare, kada a yanke shi a gida, kada a ɗiga masa wani abu mai ƙuna. Ko a asibiti, idan aka yanke shi kawai aka bari, sau da yawa yakan dawo, wani lokaci ya fi na da girma. Likitoci sukan yi masa allurar triamcinolone a cikin tabon duk bayan mako 4 zuwa 6 har ya yi laushi ya kwanta. Idan an yi tiyata, sai a haɗa da allurar, ko ɗan kunne na musamman mai matse wurin, ko gashi da na’ura. Ƙarami ya fi sauƙin magani a kan wanda aka bari ya girma.

Garin gyaran gira

Mafi munin kuskure shi ne neman goge baƙin tabo da man bilicin ko haɗin da ake sayarwa a roba babu suna babu lamba. Irin waɗannan mayuka sukan ƙunshi hydroquinone, ko sinadarai masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, wasu har da makuri. A makonnin farko fata takan yi haske, mai shafawa ya yi murna. Daga baya sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito, ƙuraje su ƙaru, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Yawan shafa hydroquinone na tsawon lokaci yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Makuri kuwa ƙoda yake lalatawa. Abin ya yi yawan da a shekarar 2023 Hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Ku riƙa karanta jikin kwali. Mayukan bututu da yawa da ake saya a kemis don ƙuraje suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne na gaske da likita ke rubutawa don wata cuta, na ɗan lokaci. Ba man shafawa na kullum ba ne, kuma ba a zuba su cikin man jiki.

Idan tabon ya riga ya zauna

Babu abin da ke share tabo na gaske kamar ba a taɓa yi ba, duk wanda ya yi muku wannan alkawari kasuwarsa yake ci. Amma ana iya rage shi sosai. Bayan rauni ya rufe gaba ɗaya, a riƙa murza wurin a hankali da basilin ko man kaɗanya na ’yan mintuna sau biyu a rana, hakan na sa shi laushi da rage ƙaiƙayi. Ga tabo mai tudu akwai filastar silikon ko man silikon da ake samu a manyan shagunan magani. Ana sa shi aƙalla awa 12 a rana na wata 2 zuwa 3. Man bitamin E da ake yawan yabawa ba a tabbatar yana rage tabo ba, wasu ma ƙaiƙayi yake sa musu. A kuma kare sabon tabo daga rana har shekara guda.

A je asibiti idan rauni yana ƙara kumbura da zafi, yana fitar da mugunya ko wari, ya zo da zazzaɓi, ko ya kai mako biyu bai nuna alamar rufewa ba. Haka nan idan tabo yana girma, ko yana hana gaɓa motsi. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami’ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da na Jami’ar Maiduguri suna da likitocin fata da na tiyatar gyaran jiki. Mataki na farko shi ne ku faɗa wa iyaye ko ma’aikacin jinya na makaranta, maimakon ku ɓoye kuna gwada shawarar abokai.

Sauran magana tana kan masu tsokana. Ɗan ajinku mai tabon ƙuna a fuska ya riga ya sha azabar da ba ku sani ba, bai kamata ku ƙara masa da laƙabi ba. Yawancin waɗanda ke faɗawa hannun masu haɗa man bilicin, dariyar abokai ce ta tura su. Idan kuna son taimaka wa juna, ku roƙi shugaban makaranta a ajiye akwatin taimakon gaggawa mai bandeji, filasta, sabulu da basilin a kusa da filin wasa da ɗakin girki, kuma kowa ya haddace abin da zai yi ranar da wani ya ƙone: ruwa mai sanyi, minti 20, sannan asibiti.